Rijiyar da Aka Haƙa a Kan Dutsenmu

Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa cewa ni likita ne ba, amma mutanen ƙauyenmu sun ƙi ji, har yau da furfura ta cika mini kai Dokta suke ce mini. Na gaji da gyara musu, na ƙyale su. Aikina shi ne duban fitsari da jini da majina a ɗakin gwaji na wani asibitin gwamnati a Mubi. Na kama aikin ne a tsakanin ƙuri'un nan biyu, lokacin da ake ta tambayarmu ko Najeriya muke so ko Kamaru. Ɗakin nawa ƙarami ne, taga ɗaya, tebur ɗaya, sai madubin ganin ƙwayar cuta wanda ba ya aiki sai na jawo shi bakin taga na kamo masa hasken rana.

Bayan mun shiga Najeriya aka turo mana sabon likita, ɗan Arewa, siriri, mai saurin tafiya da saurin fushi, bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba. Halinmu ya zo ɗaya wajen fushin, shi ya sa muka shaƙu da wuri. Abin da ke cin ransa shi ne, duk littattafan da ya karanta a can, bai taɓa cin karo da sunan Mubi ba ko sau ɗaya. Shi ya fara bayyana mini yadda abin yake a wajen masu ilmi: likita yakan yi bincike, ya rubuta abin da ya gano, a buga a mujallar likitoci. In wasu likitocin suka zo yin nasu rubutun suka ambaci naka, to darajarka ta ƙaru, ta asibitinka ma haka. Da yawan ambaton ake auna wuri. Ya ce mini, "Malam, yanzu ƙasar tamu ce. Sai yaushe za mu riƙa jira wani ya zo ya rubuta mu?" Maganar ta shige ni ƙwarai.

Tsargiya ya zaɓa, wato fitsarin jini. A ruwa ake kwaso ta, ruwan da ya kwanta, inda wasu ƙananan dodon koɗi ke zama. Duk wanda ya girma a yankinmu ya san ta, har ba a ɗauke ta ciwo ba. Amma ni da nake kallonta a madubi na san ɓarnar da take yi a hankali, shekara da shekaru, har ta lalata mafitsara ta kai ga ƙoda. Kuma ina da dalilina na kaina, don Yayata tana da ita.

Yayar nan tawa ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Auta take ce mini, ko a gaban ma'aikata ne kuwa, ba ruwanta da farar rigata. A kan dutse aka haife mu duka, inda gonaki suke hawa-hawa da jeren duwatsu. Tun kafin in gama makarantar mishan gwamnati take matsa wa mutanen dutse su sauko ƙasa, ƙasar tudu kuma ta gaji. Mijin Yaya na cikin waɗanda suka fara sauka. Suka kafa bukkoki a bakin mayo, wato kogi, suka kama noman albasa da rake a fadama, wasu suka biyo su, har wurin ya zama ƙauye, shi kuma ya zama jauron wurin, wato mai garin. Da rani mayon yakan yanke ya bar kududdufai. A ciki Yaya take wanki, a ciki take ɗibar ruwan ban albasa, daga ciki suke sha.

Ga yadda muka yi aikin. Mota ɗaya ce a asibitin, ba za mu iya bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba, balle hawan duwatsu. Sai Likita ya ce mu bi kasuwannin mako da ke gindin duwatsu, tunda kowa na zuwa can. Mukan kafa tebur a ƙarƙashin bishiya da akwatin kwalabe. Sai rana ta take za mu fara karɓa, don a lokacin ne ƙwan cutar ya fi fita a fitsari. Mutum ya zo, in ba shi kwalba, ya zagaya bayan zana, ya dawo. Ni ne mai littafi, don ni nake jin yaren mutane. In tambayi suna, in kimanta shekaru da ido, in tambayi gari, in rubuta, in manna lamba a jikin kwalba. Da yamma in dawo ɗakina, washegari in juya su a na'urar hannu har damtsena ya yi tsami, in ɗiga abin da ya kwanta a ƙasan fitsarin a gilashi in duba. Ƙwan yana da wata 'yar ƙaya a gindinsa, in ka gan shi sau ɗaya ba ka ƙara mantawa. Na yi aikin da gaskiya, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Ban taɓa rubuta abin da idona bai gani ba.

To amma akwai abu ɗaya game da mu mutanen dutse. In ka tambayi ɗayanmu garinsu, dutsen da aka binne ubansa zai faɗa maka. Ko ya shekara goma a bakin mayo, ko 'ya'yansa duk a can aka haife su, wurin nan a wajensa zaman noma ne kawai. In ya mutu can sama kan dutse za a kai shi. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma ɓoye wani abu yake ba, haka abin yake a zuciyarsa. Baƙo da ya ji amsar zai iya tsayawa ya ce, to a ina kake kwana? Ni kuwa ɗan gida ne. Abin da suka faɗa shi ne abin da ni ma zan faɗa, ni da nake haya a Sabon Layi cikin Mubi tun ina saurayi. Ranar da Yaya ta kawo tata kwalbar, tana yi mini tsiya wai na yi karatun boko don in ƙare a warin fitsarin mutane, ko tambayarta ban yi ba. Na rubuta mata sunan dutsenmu ina dariya.

Da aikin ya kammala, Likita ya shimfiɗa taswira ya fara soka allurai a garuruwan da na rubuta. Allurai suka taru a kan duwatsu. Ya tsaya yana kallo, ya cire tabarau ya mayar. Ya ce abin mamaki ne, littattafai sun ce cutar ta kwari ce, ba ta tudu ba. Ya juyo ya tambaye ni, "Malam, akwai ruwa mai kwanciya a kan dutsenku?" Na ce akwai mana, ramukan dutse da ke tara ruwan damina, a ciki muka koyi iyo. Gaskiya na faɗa. Amma ban haɗa wannan da wancan ba. Ina kallon sunan dutsenmu a taswira da allurai a jikinsa, abin da kawai na ji shi ne daɗi, wai ga mu a takarda. Kai, wauta ba ta da kama!

Aka buga rubutun. Likita mutum ne mai adalci, ya sa sunana kusa da nasa, ba a ƙasa can cikin godiya ba. Bayan 'yan watanni katuna suka fara zuwa ta gidan waya, daga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, likitoci na roƙon a aiko musu da kwafi. Likita yakan jera su a bangon ofishinsa, ni kuma in ɓare kan sarkin in ba 'ya'yan maƙwabta. Daga baya mujallu suka fara zuwa da ambatonmu a ciki. Yakan ja layi da jan fensir ya aiko a kira ni. "Malam, zo ka gani, an sake ambaton mu." Abin da ya ja hankalinsu shi ne cutar a kan tudu, inda ba a zata ba. Manya daga babban birnin Arewa suka zo ziyara, aka nuna musu bangon, aka nuna musu ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, kaina ya kumbura. Tafiyata ma ta canza, har mai shayin bakin layinmu, wani Babarbare mai baki, yakan ce in taka a hankali kada in fasa musu ƙasa.

Ana cikin haka ma'aikatar lafiya ta karanta rubutun ta yi abin da ya kamata. Aka turo ayari da mota biyu, da allurai, da maganin zubawa a ruwa don kashe dodon koɗi, da masu haƙar rijiya da siminti. Rani ɗaya aka ba su. Jerin garuruwan da za su bi kuwa daga takardarmu aka kwafo shi. Dutsenmu ne na farko, ni aka sa in yi musu jagora.

Na hau ina fara'a, ina gaba suna baya suna haki. Da muka kai sama muka aika a tara mutane. Tsofaffi suka fito, da 'yan jikokin da aka bar musu. Rabin gidajen rufinsu ya rufta. Na karɓi kwalabe, na kafa madubina a kan wani faffaɗan dutse, na duba ta farko, ba komai. Ta biyu ba komai. Na yi ta dubawa har rana ta karkata, sai ɗaya ko biyu, su ma da na bincika, yaran da suka zo daga bakin mayo ne gaida kakanni. Masu neman dodon koɗi suka dawo daga ramukan dutse hannu wofi, ramukan sun bushe ƙayau. Ina zaune a wurin ina hango ƙasa, ga koren fadama can, ga hayaƙin ƙauyen Yaya, sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Duk mutanen da na rubuta a kan dutsen nan, ga su can ƙasa.

Shugaban ayarin ya zo ya tsaya a kaina ya ce ƙila lokaci ne, ƙila da damina abin yake tashi. Ya tambaye ni ko haka ne. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Kalma kaɗan ce, in nuna masa ƙasa da yatsa, shi ke nan. Sai na tuna bangon Likita, na tuna sunana kusa da nasa, na tuna manyan da suka ba ni hannu. Na ce, "Ƙila haka ne, ranka ya daɗe." Washegari masu haƙa suka fara fasa dutse.

Kuskuren farko ban san na yi shi ba, Allah ma ba zai kama ni da shi ba. Wannan na biyun da idona biyu na yi shi. Tsoro ne da son girma, ba wani suna da zan ba shi. Kullum nakan ce gobe zan faɗa wa Likita. In je har ƙofar ofishinsa, in tarar yana murna da sabon kati, in koma. Ayari kuwa na ta bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, rani yana tafiya. Na zama mai faɗa fiye da da, ba wanda ya tsira daga bakina a asibitin, har majinyata.

Wata ranar kasuwa mijin Yaya ya zo ya same ni a ɗakin gwaji. Ya cire hularsa ya zauna a bakin benci, mutum ne da ba ya son damun kowa. Muka gaisa, sannan ya ce, "Ƙanina, motocin nan sun wuce ta gabanmu sau nawa, ba su tsaya ba. Mu ne muka ba da fitsarin. Ko mun yi wani laifi ne?" Na ce masa gwamnati tana da tsarinta, layi ake bi, za a zo kansu. Har da ɗaga masa murya, wai kada ya koya mini aikina. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Da zai tashi ya ce Yaya ba ta jin daɗi, ƙafafunta sun fara kumbura.

Na sa aka kawo ta. Wannan shi ne karo na uku da aka yi mata alluran tsargiya, masu zafi ne, suna sa amai da ciwon gaɓoɓi. Duk lokacin da aka yi mata takan samu sauƙi, ta koma gida ta shiga ruwan nan, cutar ta dawo. Na yi mata faɗa a gaban mutane, na ce ta daina shiga kududdufi. Ta dube ni daga kan gado ta ce, "Auta, to in sha me? Albasar kuma hawayena zan zuba mata? Ku ba mu rijiya kamar yadda kuka ba na sama, ka ga in zan ƙara taka ruwan nan." Ta faɗa ne tana murmushi, ba ta san da wa take magana ba. Na fita na tsaya a bayan ɗakin magani na yi kuka.

Washegari da safe na ɗauki littafin kasuwa na shiga wurin Likita na rufe ƙofa. Na buɗe masa shafi shafi, ina nuna suna ina faɗin inda mai sunan yake kwana. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya: "Yaushe ka gane?" Na faɗa masa. Ya lissafa watannin da yatsunsa a kan tebur, sannan ya tashi ya yi mini faɗan da ba a taɓa yi mini irinsa ba, ni kuma karo na farko a rayuwata ban mayar ba. Ya ce kuskuren littafi nasa ne tare da ni, shi ya kamata ya je ya ga garuruwan da idonsa. Amma shirun, wannan nawa ne ni kaɗai. Da ya huce ya zauna ya jawo takarda. A ranar ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya zuwa ga mujallar, ɗaya zuwa ga ma'aikata yana roƙon a juyo da ayari bakin mayo. Da hannunsa ya sauke katunan bango ya zuba a aljihun tebur.

Amsar ma'aikata ta zo bayan ruwan farko ya sauka. An ce ayari ya gama wa'adinsa, siminti ya ƙare, za a duba batun a rani mai zuwa. Kafin ranin ya zo yaƙin basasa ya tashi, aka kwashe motocin, aka kwashe rabin ma'aikatan, shi kansa Likita aka kira shi. Mujallar ta buga gyaran, 'yan layuka a can ƙarshen shafi da ƙananan haruffa. Ban taɓa ganin wanda ya ambaci gyaran ba. Na farkon kuwa aka ci gaba da ambatonsa, katuna suna ta zuwa da sunana a jiki, masinja yana kawo mini tunda Likita ba ya nan. Bayan yaƙi ma wani sabon likita ya nuna mini littafin koyar da ɗalibai, ga maganar tsargiya a kan duwatsun Mubi a ciki, yana taya ni murna. Na faɗa masa gaskiya, ya ce in daina ƙanƙan da kai.

Mun yi ƙoƙarin haƙa rijiya da kanmu a ƙauyen Yaya. Ƙasar wurin yashi ce, in ba siminti sai ta rufta, sau biyu tana ruftawa. A shekara ta biyu ta yaƙin ƙodar Yaya ta gaza. Jikinta ya kumbura har zoben hannunta sai da aka yanke. Ta rasu da hantsi a asibitinmu, taku kaɗan daga ɗakin gwajina.

Muka ɗauke ta zuwa sama kamar yadda ake yi. Maza huɗu huɗu muna karɓar juna, mata na biye da waƙoƙin coci da yarenmu. Hawan ya ɗauke mu rabin yini. Da muka isa, matan da za su yi mata wanka suka ɗauki tuluna suka nufi sabuwar rijiyar. Na bi su, ban san me ya kai ni ba. Rijiya ce mai kyau, bakinta na siminti, da murfi, ruwanta garau har kana ganin fuskarka. Tsofaffi ƙalilan ne ke sha daga cikinta. Mijin Yaya ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ja guga ya sha, ya wanke fuska, ya ce kai, ruwan nan da daɗi yake.

A nan na faɗa masa komai. Na ce rijiyar nan taku ce, maganin ma naku ne, ni na rubuta ku a nan, da na gane kuma na yi shiru har rani ya wuce. Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga hannu ya mare ni a gaban mutane, da na samu sauƙi. Ya daɗe yana kallon matan suna cika tuluna. Sannan ya ce, a hankali, "Rubutun da ka yi daidai ne, ƙanina, ai nan ne garinmu. Ni ma da ka tambaye ni yau haka zan ce maka." Ya ajiye gugar a bakin rijiya. "Amma ranar da na zo wurinka na cire hulata, a lokacin ka riga ka sani?"

Na ce na riga na sani.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki tulu ɗaya daga hannun wata tsohuwa ya ɗora mini a kafaɗa, ya ce in kai wa masu wankan, suna jira.